Dillalan aikin waje: wa ke zaɓe, wa ke biyan la'ada?

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune ƙofar gida a nan Aouda ina duba takardun yara, sai ga gwaggona ta sauko daga motar Sokode. Ba ta aiko ba, ba ta kira ba. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta miƙo mini wayar ɗanta, shi kuwa yana tsaye bayanta yana sosa ƙeya.

"Malam, kai ne mai lakwal a gidan nan. Karanta mini wannan tun ban sayar da filin ba."

Saƙo ne ta WhatsApp, da Faransanci mai kyau, har da hoton tutar Kanada a sama. Wai wani kamfani yana neman masu aikin lantarki, kuma an zaɓi ƙanen nawa. Abin da ya rage kawai ya tura sefa 900,000 cikin kwana goma, kuɗin dosiye da biza da ajiye masa gurbi. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata. Kenan ana neman albashin lebura na wata goma sha bakwai, har da ɗoriya.

Yaron nan ba rago ba ne. Ya koyi lantarki a Sokode, ya yi aikin yini a Blitta lokacin da ake kafa faifan hasken rana, kuma duk unguwarsu shi ake kira in wuta ta yi gardama. Na tambaye shi:

"Wa ya gwada ka?"

"Ba kowa, Yaya. Sun ce sun ga na dace."

"Ka aika musu takardunka?"

"A'a. Lambata kawai na sa a wani guruf."

A nan na ajiye jan biro. Abin da na gaya musu a daren nan, da abin da na ƙara bincikowa daga baya, shi ne nake son in shimfiɗa wa mai karatu, don na san ba gidanmu kaɗai irin wannan saƙo ke shiga ba.

Dillanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake ne suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, suna yada zango a Djougou da ƙasar Tchaoudjo da Mango, kuma unguwar Didawure ta Sokode a kan wannan fatauci ta girma. A kowane zango akwai fatoma mai saukar baƙi, akwai dillali mai haɗa mai kaya da mai saye. Dillali yana da jari guda, amana. In ya ce sa lafiyayye ne aka same shi da ciwo, kasuwarsa ta mutu. Kuma duk wanda ya taɓa shiga kara ya sani: la'ada bayan ciniki ya faɗa ake cinta. Ba a taɓa jin dillali ya ce a ba shi la'ada kafin a ga dabba ba.

Kamfanin dillancin aiki, wanda a nan ake kira kabine ko ajans, wannan sana'ar ce dai ta sa kwat. Bambancin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba shi ne, mai neman aiki ba shi ne maigidan dillalin ba. Maigidansa shi ne kamfanin da ke neman ma'aikaci. Shi ya kira shi, shi zai biya shi. A Turai da Amurka ladan yakan kama tsakanin kashi 15 da 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, kuma sau da yawa akwai sharaɗi: in ma'aikacin ya gudu ko ya kasa cikin 'yan watannin farko, dillali zai kawo wani ba tare da ƙarin kuɗi ba. To ka ga mutumin da ke ɗauke da irin wannan sharaɗi ba zai ɗauki wanda bai gwada ba. Asarar tasa ce. Shi ya sa dillalin gaskiya yake da tsanani, yake da yawan tambaya har ya gundure ka. Wanda ya ce "an zaɓe ka" alhali ko muryarka bai ji ba, ba ƙwarewarka yake so ba, filin gwaggo yake so.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu kada su karɓi kuɗi daga ma'aikaci, a fili ko a fakaice. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma ita Kanada da ake ta rudar yaranmu da sunanta, dokarta ta hana mai ɗaukar ma'aikacin wucin gadi daga waje ya ɗora masa kuɗin dillanci. Takardar da kamfani ke nema wurin gwamnati don ya nuna ya rasa ɗan ƙasa mai iya aikin, dalar Kanada 1,000 ce a kan kowane gurbi, kuma kamfanin ne ke biya, ba shi da izinin cire ta daga albashi.

Yadda ake tankaɗe da rairaya

Abin yana farawa ne daga wurin mai aiki. Zai rubuta abin da yake so dalla-dalla: wane irin aiki, difloma wace iri, shekara nawa a kan aikin, wane harshe, wace irin na'ura. Dillali ya ɗauki wannan takarda ya shiga nema, a cikin sunayen da ya riga ya tara, a LinkedIn, ko ta bakin waɗanda ya taɓa ɗauka suka yi abin kirki. Wannan hanya ta ƙarshe ta fi ƙarfi fiye da yadda ake zato. Mutum guda mai riƙon amana yakan buɗe wa garinsu ƙofa, mutum guda kuma yakan rufe ta.

Sai tankaɗen farko. A manyan kamfanoni ba mutum ne ke fara karanta CV ba, kwamfuta ce. Tana neman kalmomin da ke cikin tallan aikin. In an ce ana son wanda ya san haɗa faifan sola da inbata, kai kuma ka rubuta "na ƙware a duk aikin wuta", ka faɗi tun ba a ga fuskarka ba. Mu a nan mun saba cika CV da hoto da ranar haihuwa da yawan 'ya'ya. A Kanada ba a son ko ɗaya daga ciki. Abin da suke so shi ne: ina ka yi aiki, daga yaushe zuwa yaushe, me ka yi da hannunka, wa zai shaide ka.

Wanda ya tsallake, za a kira shi ta waya ko ta bidiyo, minti ashirin ko talatin. Ana sauraron harshensa, ana kuma gwada ko abin da ya rubuta ya yi daidai da abin da yake faɗa. Bayan nan gwajin aiki: mai walda ya yi walda a gaban mai dubawa ko a gaban kyamara, mai lissafin kuɗi a ba shi littafi ya daidaita, malami ya koyar da darasi. Daga ɗaruruwa sai a tsamo uku ko biyar a kai wa mai aiki, shi ne zai yi ganawar ƙarshe ya zaɓa. Sannan kwantaragi a rubuce, sannan izinin aiki, sannan biza da gwajin likita. Jerin ke nan, kuma watanni yake ci, wani lokaci fiye da shekara. Kuɗin da kan fita daga aljihun mai nema su ne na fasfo, na jarrabawar harshe, na tantance difloma, wani lokaci na biza, kuma kowanne ana biyansa ne a ofishin da abin ya shafa, a karɓi rasit. Ba a tura shi ta lambar wayar wani.

In mutum yana son ya ga wannan da idonsa ba sai ya je Turai ba, don mu ma nan ana kawo mana ƙwararru daga waje. Tashar hasken rana ta Blitta, da ke kudu da mu a kan babban titin Lome, kamfanin AMEA Power na Dubai ne ya zuba kuɗinta, aka buɗe ta a Yunin 2021 da megawat 50, kuma kamfanin Indiya ne ya yi aikin kafawa. A wannan watan dai aka buɗe filin masana'antu na Adetikope kusa da Lome. Irin waɗannan wurare sukan zo da injiniyoyinsu da shugabannin aiki, su ɗauki 'yan ƙasa a ƙarƙashinsu. Dokar ƙwadagon Togo, wadda aka sabunta a 2021, ba ta bar abin sakaka ba: kafin a ɗauki baƙo sai an nemi izini, kuma kwantaraginsa sai ya bi ta hannun babban daraktan ƙwadago ya sa masa hatimi. Ƙanena ya ce abin da ya ba shi mamaki a Blitta, wasu daga cikin baƙin ba su fi shi iya riƙe fulaya ba. Na yarda. Amma kowannensu yana da fayil mai nuna inda ya yi aiki shekara da shekaru, da takardar horon kiyaye haɗari, da sunan wanda za a kira a tambaya. Shi kuwa me yake da shi? Yabon unguwa.

Takarda, ciwon da ke cin mu

A nan nake son in daɗe, don nan ne mu mutanen zango muke faɗuwa, kuma nan ne aikina na koyarwa ya sa na ga abin tun daga tushe.

Duk shekara in lokacin rubuta sunayen 'yan jarrabawar CEPD ya zo, sai mun yi fama da yaran da ba su da takardar haihuwa. Uba ya ruga kotu a yi masa takardar maye gurbi, a ƙiyasta shekara, magatakarda ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Yaro guda sai ka same shi Aboubakar a takardar haihuwa, Aboubacar a CEPD, Boukari a katin ɗan ƙasa. Mahaifinsa Issa a nan, Issifou a can. Mu a gida mun san duk mutum ɗaya ne. Amma ma'aikaciyar da ke zaune a Montreal ko Frankfurt da fayil ɗari a gabanta, mutum uku take gani, kuma abin da aka koya mata shi ne in suna ya saɓa to akwai maguɗi. Ba za ta kira ka ta ji bayani ba. Ta wuce zuwa na gaba.

Ga kuma rage shekaru. Iyaye da yawa sun yi wa 'ya'yansu don su samu shiga jarrabawa ko konkur, da kyakkyawar niyya. Bayan shekara goma sha biyar sai lissafi ya nuna wai yaron ya gama firamare yana ɗan shekara bakwai. Tun 1 ga Janairun 2022 rajistar haihuwa kyauta ce a Togo. Duk wanda aka yi wa haihuwa ya je ya yi ta cikin wa'adi, ya tsaya a kan magatakarda har ya ga yadda aka rubuta sunan harafi bayan harafi, kuma wannan rubutun shi za a bi har abada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ba a samun fasfo sai da ita. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk mai suna irin namu ya san yawan tambayar da ake yi masa game da kakansa. Wanda bai fara nemanta ba sai da aiki ya fito, aikin zai wuce shi.

Na biyu, shaidar ƙwarewa. Yawancin masu sana'armu a hannun maigida suka koya, shekara uku, huɗu, biyar, aka yi walimar 'yantawa aka watse. Walima ba ta shiga fayil. Akwai jarrabawar gwamnati ta kammala koyon sana'a, wadda ake kira CFA, ba kuɗin ba, takardar, kuma ana iya bi ta ƙungiyoyin masu sana'a a yi ta. Duk inda mutum ya yi aiki kuma, ko na wata uku ne, ya nemi takardar shaidar aiki mai hatimi da kwanan wata kafin ya bar wurin, don kamfanin kwangila in ya naɗe kayansa ya tafi ba ka ƙara ganinsa. In an yi maka rajista a CNSS, wannan ma shaida ce mai ƙarfi, don ba a iya ƙirƙirarta a shagon kwafi.

Masu difloma su ma ba su tsira ba. Dillalin gaskiya ba ya yarda da kwafi, makarantar yake tuntuɓa. Mai son shiga Kanada ta tsarin Express Entry sai wata hukuma irin WES ta auna diflomarsa, kuma daga jami'a ake son a aiko da sakamakon kai tsaye. Tsakanin ƙasashenmu masu Faransanci kuwa akwai CAMES a Wagadugu mai tantance diflomomin manyan makarantu. Kafin uba ya zuba kuɗi a wata makarantar kuɗi a Lome ko Kara, ya tambaya ko an amince da diflomarta. Tambaya ce ta minti ɗaya.

Harshe ba sai na ja ba. Faransancin aji daban, na jarrabawar TCF ko TEF daban, akwai agogo a kanka. Na san malamai 'yan'uwana da suka raina ta suka dawo da kunya. Jamus kuma, ga ma'aikacin jinya, galibi matakin B2 ake nema, kuma daga sifili wannan aikin shekara ne ko fiye, ko da mutum yana zuwa Goethe-Institut a Lome ba fashi.

Ƙofofin da ke rufe, ko da dillali ya ce a buɗe suke

Ga wani abu da 'yan'uwanmu nas-nas da ungozomomi ya kamata su sani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙaranci har ba a son a riƙa zuwa ana kwasarsu. A jerin 2023 ƙasashe 55 ne, kuma Togo na ciki, tare da Benin da Gana da Nijar da Najeriya da Burkina Faso. Dokar Jamus ta hana kamfanoni masu zaman kansu ɗibar ma'aikatan jinya daga waɗannan ƙasashe, Ingila ma ta sa su a jerin da ba a zuwa farauta. Mutum da kansa yana iya neman aiki can, ba a hana shi ba. Amma ajan da ya zo Sokode ya ce yana da kwangilar kai nas hamsin Jamus, ko dai ƙarya yake, ko yana karya dokar ƙasar da zai kai ka. Lardin Kebek ma, da ya fara shirin ɗaukar nas 1,000 daga ƙasashe masu Faransanci a 2022, ya dakatar da ɗiba daga yawancin ƙasashen Afirka a 2024.

Ni a raina abin nan yana da fuska biyu. Wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibitin ƙauye da dare ya tarar da ma'aikaci guda yana fama da mutum goma, ya san dalilin wannan jeri. Amma kuma na san abin da nas ke ɗauka a wata, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce ita kaɗai za ta yi haƙuri don ƙasa ba. Ban warware wannan ba har yanzu.

Kanada ɗin ma ta rage hannu. A Oktoban 2024 ta sauke yawan waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. A Maris 2025 kuma ta daina ba da ƙarin maki a Express Entry don mutum yana da tayin aiki, saboda yadda ake sayar da tayin na bogi. Abin da ya rage mana na tagomashi shi ne Faransanci, don suna neman masu jinsa a lardunan da ba Kebek ba.

Ƙasashen Larabawa nan ne zuciyar mutanenmu ta fi karkata, don ana ganin ga Musulunci, ga damar Umra. Nan ne kuma aka fi cutar 'yan matanmu da sunan aikin gida. Katar ta sassauta tsarin kafala a 2020 ta kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000, Saudiyya ta yi nata gyaran a 2021 amma bai haɗa da masu aikin gida ba. Abin lura guda: kwantaragin da aka karanta maka a Lome ya zama shi ne wanda za ka sa wa hannu can. In na can da Larabci ne kawai, ai ba mu rasa masu Larabci a zango ba, ɗauki hotonsa ka turo gida a karanta maka. Fasfo kuma naka ne, ba na maigida ba.

Wata tambaya da mutanenmu ke jin nauyin yi a ganawa, sai sun isa su fara kuka: sallar Juma'a fa, lulluɓi fa? A Kebek dokar 2019 ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati sa alamar addini a bakin aiki, har da ɗankwalin hijabi. A Faransa duk ma'aikacin gwamnati haka ne. Wata abokiyar karatuna tun makarantar horon malamai a Dapaong ta kai matakin ƙarshe kafin ta ji wannan, ta janye, bayan ta kashe kuɗin jarrabawa. Dillalin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya, don shi ma ba ya son ka je ka dawo cikin wata biyu a ce ya kawo wani.

A daren nan na ce wa ƙanena ya rubuta wa mutumin tambaya uku: sunan kamfanin da zai yi wa aiki a Kanada da adireshinsa, lambar izinin da ofishinsu ke aiki da ita a Togo, da ranar da za mu zo ofis mu gan su ido da ido, ni da shi. Amsa ta zo nan take, wai gurbi biyu kaɗai suka rage, in ba a tura ko rabi ba gobe za a ba wani. Ya sake maimaita tambayoyin. Washegari da safe hoton tutar ya ɓace daga lambar.

Gwaggo ba ta ce na gode ba. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "To Malam, ka hana shi wannan. Sai ka samo masa wani." Na kai ta bakin titi ta shiga motar Sokode.

Filin yana nan. Yaron ya yi rajista a ofishin ANPE na Sokode, ya bi wani tsohon shugaban aikinsa har Lome ya karɓo takardar shaidar watannin da ya yi. Da muka baje takardunsa a kan tabarma muka tarar sunan mahaifinsa iri biyu ne, kuma shekarar haihuwarsa a difloma ta girmi ta katinsa da shekara guda. Ya shigar da takardar neman gyara a kotu. An ce ya koma bayan wata biyu.